Fas, Jems ko Diwi? Amsar da na ba autarmu kan furojet ɗinta

Autarmu tana aji huɗu a sashen ilimi a ɗaya daga cikin jami'o'in nan na Kano, ran Asabar ta shigo gida Gwammaja da handawut a hannu fuska a murtuke, wai malamin da zai duba mata furojet ya yarda ta yi rubutu a kan firagmatizim, wata mazhaba ce a falsafa, amma ya ce ta ɗauki mutum ɗaya cikin manyanta ukun nan, Fas da Jems da Diwi, kar ta kawo masa gambiza. Ta ce, "Yaya, kai da ka sha wahalar abin nan lokacin mastas, wanne ya fi sauƙi?" Na karɓi handawut ɗin na duba, jimla ɗaya ce ta sha jan biro, wai firagmatizim shi ne duk abin da ya yi aiki to gaskiya ne. Na ce Auta, in kika shiga difens da wannan jimlar tambaya ɗaya za a miki ki nemi kujera.

Na tuna mata rijiyar gidan kakarmu. Muna yara aka ce mana akwai dodo a ciki, wallahi ko kusa da murfinta ba ma zuwa, kuma babu yaro ɗaya da ya taɓa faɗawa. Maganar ta yi aiki ɗari bisa ɗari. To akwai dodon? Ta yi dariya ta ce a'a. Na ce to kin ga handawut ɗinki ya mutu ke nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gaya mata, don na san ba ita kaɗai ba ce, duk wanda ya bi ta kwas ɗin falsafar ilimi a jami'a ko kwalejin horar da malamai ya haɗu da mutanen nan uku, kuma yawanci a kwano ɗaya ake zubo su kamar bakinsu ɗaya, alhali har sunan abin sai da suka yi rigima a kai.

Dukkansu Amurkawa ne. Kalmar firagmatizim daga Girkanci take, asalinta "aiki". Abin da ya haɗa su shi ne sun gaji da musun da ba ya canza komai a ƙasa, suka ce in kana son sanin ma'anar magana to duba me zai faru in gaskiya ce, me zai faru in ƙarya ce. Inda suka rabu kuma, kuma nan ne zaɓinki yake, shi ne in an ce abu ya yi aiki, ya yi wa wa aiki, kuma zuwa yaushe.

Na farkon ana rubuta sunansa Peirce amma Fas ake faɗa, kamar fas ɗin jarrabawa, ku kiyaye don na taɓa jin kunya a kan wannan a gaban jama'a. An haife shi 1839 ya rasu 1914. Ɗan kimiyya ne tun asali, kemistiri ya karanta, babansa farfesan lissafi ne a jami'ar Habad, shi kuma ya yi sama da shekara 30 yana aiki da hukumar safiyo ta gaɓar tekun Amurka yana aune-aune. Wannan aikin ya bi shi har cikin falsafa, don mutumin da kullum yake auna abu sau ɗari yana samun ɗan bambanci a kowane awo ba zai taɓa ce maka ya kama gaskiya a hannu ba, sai dai ya ce muna matsawa kusa da ita.

Maƙalu biyu ne suka kafa abin, ɗaya 1877 ɗaya 1878, a wata mujallar kimiyya ta gama-gari suka fito. Ta 1877 ita na fi so, kuma in da ni ne ita zan sa a gaba. Cewa ya yi shakka ƙaiƙayi ce, mutum ba ya iya zama da ita sai ya sosa, kuma hanya huɗu mutane suke bi su kwantar da ita. Akwai mai naci, ya riƙe abin da ya riƙe, in ka kawo hujja ya toshe kunne, kowa ya san irinsa a majalisar unguwa, wanda tun shekara goma maganarsa ɗaya ce a kan siyasa. Akwai mai cewa manya sun faɗa shikenan. Akwai na uku wanda ya fi wayo, shi abin da ya kwanta masa a rai yake bi, ya ce ai hankali ma ya nuna haka, Fas ya ce wannan yayi ne kawai kamar yayin ɗinki, bana wannan baɗi wancan. Ta huɗu ita ce bincike, wato ka bar wani abu da yake wajen kanka, wanda bai damu da son ranka ba, shi ya yanke hukunci. Abin da ya burge ni shi ne bai zagi ukun farko ba, har ya yarda hanyar bin manya ta riƙe al'ummu ƙarni da ƙarni, kawai cewa ya yi ta huɗun ce kaɗai take da hanyar gano kuskurenta da kanta.

Ta 1878 kuma a kan ma'ana take. Shi da lu'ulu'u ya yi misali, ya ce in ka ce abu mai tauri ne ma'anarsa abubuwa da yawa ba za su iya kartarsa ba. Ni da gwal na yi wa Auta misali don shi ta fi ganewa. In mace ta kai ɗankunne gun masu gwal ta ce gwal ne, ba musu za a tsaya yi da ita ba, za a goga shi a dutse a ɗiga masa ruwan gwaji a ɗora a sikeli. "Gwal ne" ma'anarsa in an yi masa kaza, kaza zai faru. In wani ya ce nasa gwal ne na musamman wanda ba dutse ba ruwa ba sikeli da zai nuna shi, a gun Fas bai faɗi komai ba, iska ya fitar.

To ita gaskiyar fa? A cikin maƙalar nan ya ce gaskiya ita ce ra'ayin da duk masu bincike za su ƙare a kansa in aka ci gaba da binciken har ƙarshe. Lura, ba ni kaɗai ba, ba yau ba. Ni dai da na karanta wannan karin maganar nan ce ta faɗo min, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Dodon rijiya ba zai kai labari a nan ba, ranar da aka kira masu yasa suka shiga da fitila zance ya ƙare. Haka ma irin tsarin nan na zuba kuɗi a ninka maka a wata ɗaya, wanda ya cinye wa mutane da yawa jari a garin nan, na farko-farko sun karɓi kuɗinsu da riba har suna rantsuwa ai yana aiki mun gani da idonmu, Fas zai ce jira tukuna, ba a gama ƙirga ba.

Inda za a kama ki in kin ɗauke shi: wannan "ƙarshen bincike" yaushe ne? Ba wanda zai gan shi. Sannan akwai abubuwan da suka wuce ba su bar sawu ba, misali mutum nawa ne suka shiga ta Ƙofar Nasarawa a wata Talata shekara 300 da suka wuce, akwai adadi na gaskiya ai, amma wane bincike ne zai tono shi? Fas ya san da wannan ƙorafin, amsarsa ita ce ba ka da hurumin cewa ba za a taɓa ganowa ba, daga baya ma ya fi kiran abin da fata, wato fatan da dole mai bincike ya riƙe. Ni amsar ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba amma ta fi a yi shiru. Matsala ta biyu ta karatu ce. Bawan Allahn nan bai bar littafin falsafa guda da za ki ɗauka ki karanta daga farko zuwa ƙarshe ba, ya koyar a jami'ar Jons Hofkins daga 1879 zuwa 1884 aka rabu da shi, bai sake samun kujerar jami'a ba, ya mutu cikin talauci ya bar tulin takardu, sai 1931 Habad ta fara buga su. Kina fita daga maƙalu biyun nan za ki faɗa cikin mandiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, da kalmomin da shi ya ƙirƙiro abinsa, nan ne na kusa jefar da nawa karatun.

Wiliyam Jems abokinsa ne tun suna samari, 1842 zuwa 1910, likitanci ya karanta ya koma nazarin halayyar ɗan Adam. Shi ya fito da kalmar firagmatizim fili a wata lakca a Kalifoniya 1898, ya kuma ce ta Fas ce. Littafinsa na 1907 lakcoci takwas ne da ya yi wa jama'a, shi ya sa yake karantuwa kamar hira, a sati ɗaya za ki gama shi ko da Turancinki na tsaka-tsaki ne. In sauƙi kawai kike nema an gama magana, Jems ne.

A lakca ta biyu ya ba da labarin kurege. Sun je shan iska a duwatsu ya tarar abokansa suna musu, kurege yana maƙale a jikin bishiya, mutum yana zagaya bishiyar don ya gan shi, kuregen kuma yana ta matsawa yadda kullum bishiyar tana tsakaninsu. Mutumin ya zagaya kuregen ko bai zagaya ba? Jems ya ce ya danganta da me kuke nufi da zagayawa. In nufinku ya bi ta arewarsa da gabas da kudu da yamma, ya zagaya. In nufinku ya bi ta gabansa da gefensa da bayansa, bai zagaya ba. Musu ya mutu. Rabin cacar bakin da ake a teburin mai shayi irin wannan ce, da za a tsaya a ce malam me kake nufi da kalmar nan da shayin bai huce ba.

Matsalar ta fara ne da ya ɗauki wannan dabarar ya kai ta kan gaskiya kanta. Ya ce ra'ayi yana zama gaskiya ne ta hanyar abin da ya faru da shi, in ya kai ka inda ya ce zai kai ka. Ya kuma riƙa amfani da harshen kasuwa, yana tambayar nawa ne kuɗin ra'ayin a hannu, ya kwatanta gaskiya da takardar kuɗi da take yawo muddin ba wanda ya ƙi karɓa. Bakano zai ji daɗin wannan salon, amma shi ya jawo masa duka. Masanin falsafa Batrand Rasel na Ingila da wasu suka taso masa, suka ce ashe duk abin da ya faranta maka rai gaskiya ne ke nan. A 1909 sai da ya fitar da wani littafin guda don kare kansa. A yi masa adalci dai, ya faɗa cewa amfanin da yake nufi na dogon zango ne kuma a dunƙule, kuma sabon ra'ayi dole ya zauna lafiya da tsofaffin gaskiyoyin da muka riga muka sani. Amma bakinsa ya fi alƙalaminsa sauri, jimla ɗaya ya tsare gida ta gaba ya bar ƙofa a buɗe, jimlar handawut ɗin Auta ta wannan ƙofar ta shigo. Shi kansa Fas a 1905 ya ga yadda ake wasa da kalmar sai ya canza wa nasa suna ya ƙara masa gaɓa, firagmatisizim, ya ce wannan muninta ya isa ya hana a sace ta.

Amma akwai wurin da Jems ya fi su duka, kuma saboda wurin nan ban yarda a watsar da shi ba. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Kilifod, ya rubuta cewa laifi ne mutum ya yarda da abu ba tare da isasshiyar hujja ba, ya yi misali da mai jirgin ruwan da ya lallashi zuciyarsa cewa tsohon jirginsa lafiya lau yake, ya ɗebi mutane suka nutse. Mu ce direban da ya san tayarsa ta suɗe ya cika mota ya hau titin Zariya yana cewa ai Allah na nan. Jems a lakcarsa ta 1896 bai musa wannan ba, amma ya ce akwai wasu al'amura da yardar ce take haifar da hujjar. Ku je Kantin Kwari ku gani. Alhaji ya ɗauki dila guda ya ba yaron da bai taɓa gwadawa ba ya ce je ka sayar ka kawo, ba takarda ba shaida. In ya ce sai ya ga hujjar amana kafin ya ba shi, to har abada ba zai gani ba, don amanar ba ta da inda za ta fito sai an ba da kayan. Aure ma haka, abota ma haka. Iyakar abin dai, yarda tana iya mayar da yaro amintacce amma ba ta mayar da yadin roba shadda, kuma ba ta gyara taya. Wanda zai yi furojet a kan yadda zaton malami yake gina ɗalibi ko ya rusa shi, nan ne gidansa.

Wani abu kuma tunda a Kano muke, Jems ya kai wannan maganar har kan addini, kuma na ga ɗalibai suna murna wai ga Bature yana kare imani. A yi hattara. Musulmi ba don imani yana kwantar masa da hankali yake cewa gaskiya ne ba, yana cewa gaskiya ne ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Addu'ar neman ilimi mai amfani ma da ake kawowa, amfani siffar ilimin ce a can, ba shi ne ma'aunin gaskiyarsa ba. In kika cakuɗa biyun a babi na biyu akwai malamin da zai tsaya a nan ya ƙi gaba.

Sai Jon Diwi, 1859 zuwa 1952, wanda duk ɗan sashen ilimi ya haddace sunansa. Shi abin da ya dame shi shi ne yadda aka ɗauki sani kamar kallo, mutum yana gefe yana kallon duniya kamar ɗan kallon ƙwallo, a littafinsa na 1929 ya yi wa wannan kaca-kaca. A gunsa sani daga cijewa yake farawa. Ranar da muke maganar nan ma an ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, muka kira mai gyara na bakin layi, na ce Auta zo ki ga Diwi. Ya ja igiya sau biyu ya kasa kunne, ya buɗe tanki ya leƙa akwai mai, ya kwance fulogi ya duba bakinsa ya yi baƙi, ya goge ya jingina shi da jikin injin ya ja ya ga wuta tana tartsatsi, ya ce to ba nan ba ne, ya kwance kafireta ya hura ya wanke da fetur ya mayar, ja ɗaya ya tashi. Matakan da Diwi ya lissafa a 1910 ke nan ba ragi, jin matsala, gano inda take, kawo zato, bin zaton a ga me zai haifar, sannan gwaji. Mai gyaran bai ce ya gano gaskiyar janareta ta har abada ba, ya dai samu abin da zai iya faɗa da hujja, datti ne a kafireta. Diwi a littafinsa na mandiƙi na 1938 ya ma fi son irin wannan lafazin, maganar da bincike ya ba ka izinin faɗa, a kan kalmar gaskiya, kuma a cikin littafin ya ce ma'anar gaskiya mafi kyau da ya sani ita ce ta Fas.

Ya buɗe makarantar gwaji a Shikago 1896, yara suna girki da saƙa da kafinta suna tsintar lissafi da kimiyya a ciki, littafinsa na dimokuraɗiyya da ilimi ya fito 1916. Shi ya sa ake yawan danganta shi da tsarin ilimi na 6-3-3-4 na ƙasar nan da darasin koyon sana'a na ƙaramar sakandare. Sauƙinsa a furojet shi ne kayan aiki sun yi yawa, kowane laburare akwai shi, kowane malami ya san shi. Wahalarsa ma ita ce wannan ɗin. Hanya ce da aka tattake, malamin ya karanta furojet a kan koyo ta hanyar yi har ya gaji, yawanci kuma kwafe ne daga na bara. Rubutunsa da kansa kuma nauyi gare shi kamar tuwon jiya, ayyukansa da aka tattara mujalladi 37 ne. Sannan ni da nake koyarwa a sakandare, ajin da yara suka cika har taga, alli ma wani lokacin da kuɗina nake saya, in aka ce min kowane yaro ya gano abu da hannunsa sai in yi murmushi kawai. Shi ma a 1938 ya fito ya soki masu fakewa da sunansa suna sakin yara sakaka ba tsari. Tambayar da za a miki a kansa ita ce, wa yake yanke cewa matsala ta warware? Ɗalibin da ya saci amsa ya ci jarrabawa ai tasa matsalar ta warware. Diwi zai ce a duba abin da ya biyo baya ga yaron da al'umma, wato ya koma kan ci gaban mutum, amma kin ga an fita daga maganar gaskiya an shiga ta tarbiyya.

Akwai Roti, wani ɗan firagmatizim na baya-bayan nan, mai littafin 1979, wanda ya ce a ma daina neman ma'anar gaskiya gaba ɗaya. Ba ya cikin ukun da aka ba ta, kuma ban ba ɗan digiri na farko shawarar ya taɓa shi ba.

Abin da na ce mata a ƙarshe shi ne, in tambayar da take cin ki ita ce mece ce gaskiya kuma ta yaya ake bambance ta da jita-jita, Fas, amma ki kafa tanti a maƙalu biyun nan kar ki yi nisa. In makaranta za ki shiga ki zauna a bayan aji wata guda kina rubuta abin da kika gani, Diwi, in kuwa daga ɗaki za ki rubuta ki bar shi. Jems kuma ki karanta shi ko wa kika zaɓa don shi zai buɗe miki kai, amma kar ki ɗora ginin a kansa sai in a kan amana da zato za ki yi. Maƙalun Fas da lakcocin Jems duk suna intanet kyauta don sun tsufa, datar ɗari biyu ta isa.

Ta yi shiru tana juya biro, can ta ce, "Yaya, to in na ɗauki hanyoyi huɗun nan na Fas na je na tambayi 'yan aji shida na sakandare yadda suke yarda da saƙon da ake turo musu a WhatsApp fa, in ga wacce suka fi bi?" Na ce wannan kam ban taɓa ganin wanda ya yi ba a cikin waɗanda na sani. Ta ce amma malamin nan nata Diwi yake so, kowa ya sani. Na ce ki rubuta shafi ɗaya ki kai masa ran Litinin, in ya ƙi sai mu koma kan janareta.